Mai Bugu na Biyar: Rayuwar Aliou Cissé da Shekara 20 da Senegal Ta Yi Tana Jiran Kofi

Daga tsakiyar fili zuwa ɗigon fenariti tafiyar mita 41 ce da ɗan ɗori. Duk mai horar da 'yan wasa ya san cewa yawancin fenaritin da ake ɓararwa tun a wannan hanyar suke lalacewa, kafin ƙafa ta taɓa ƙwallo. Mutum ya baro layin 'yan'uwansa, yana tafe shi kaɗai, cinyoyinsa sun yi nauyi da gudun minti 120, zuciyarsa tana ta saƙa da warwara: dama zan buga ko hagu? Shaidar da za mu bayar a nan ta wani mutum ce da ya taka wannan hanyar ya dawo hannu rabbana, sannan ya shafe shekara 20 kafin ya ga an biya bashin. Sunansa Aliou Cissé.

An haife shi a Ziguinchor, a yankin Casamance da ke kudancin Senegal, ranar 24 ga Maris 1976. Yana yaro iyalinsa suka koma Faransa, a can ya koyi sana'ar. Ya buga wa Lille da Sedan da Paris Saint-Germain, aka kuma ba da shi aro ga Montpellier. Ba irin ɗan wasan da ake yanke tikiti don a kalla ba ne. Ɗan tsakiya ne mai tare hanya, in an matsu ya koma baya. Aikinsa ya ƙwace ƙwallo ya miƙa wa wanda ya fi shi iya sarrafa ta, ya kuma daka wa na kusa da shi tsawa in ya bar gurbinsa. Wannan halin ne ya sa kocin Senegal Bruno Metsu ya ɗaura masa kambun kyaftin.

A watan Fabrairun 2002 Senegal ta kai wasan ƙarshe na Gasar Kofin Afirka a karon farko a tarihinta, bayan ta fitar da Najeriya da ci 2-1 a ƙarin lokaci. A Bamako aka kara da Kamaru mai riƙe da kofin. Minti 120 babu ci. Da aka zo bugun fenariti sai ƙofa ta buɗe wa Senegal tun a bugun farko, domin Pierre Womé na Kamaru ya ɓarar. Ferdinand Coly ya ci, Khalilou Fadiga ya ci. Daga nan al'amari ya juya: Amdy Faye ya ɓarar, El Hadji Diouf ya ɓarar. Rigobert Song ya zo da damar rufe wasa, shi ma ya ɓarar. Saura mutum ɗaya, mai bugu na biyar. In ya ci a ci gaba, in ya ɓarar kofi ya tafi Yaoundé. Cissé ya buga, mai tsaron raga Alioum Boukar ya tare. Aka tashi 3-2.

Wata huɗu ba su cika ba wannan tawagar ta girgiza duniya. Ranar 31 ga Mayu, a birnin Seoul, ta doke Faransa mai riƙe da Kofin Duniya da ci ɗaya mai ban haushi, ta ƙafar Papa Bouba Diop. Ta yi canjaras da Denmark da Uruguay, ta fitar da Sweden, sai Turkiyya ta tsayar da ita a zagayen 'yan takwas. Kafin su, Kamaru ce kaɗai ƙasar Afirka da ta taɓa kai wa nan, a 1990.

Sai kuma abin da ya fi ƙarfin ƙwallo ya faru. Ranar 26 ga Satumbar wannan shekarar jirgin ruwan Le Joola, wanda ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar, ya kife a tekun da ke gaɓar Gambiya. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 1,863 ne suka rasu, 64 kacal suka tsira. Cikin mamatan akwai dangin Cissé fiye da goma. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A lokacin bai daɗe da komawa Birmingham City a Ingila ba. Ya dawo gida, ya kuma buga wasan sada zumunta da aka shirya tsakanin Senegal da Najeriya don tara wa iyalan mamatan tallafi. Mun kawo wannan ne domin a san irin mutumin da daga baya za a riƙa zagi a kan canjin ɗan wasa. Wanda ya yi irin wannan rashin, surutun 'yan kallo ba ya kai masa inda yake kai wa wasu.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya, domin akwai maganar da ake yawan yi cewa shan kashi yana koya wa tawaga darasi. Senegal da kanta ta ƙaryata wannan maganar har tsawon shekara 13. Metsu ya tafi ƙasashen Larabawa. Aka kawo Guy Stéphan, aka kawo Abdoulaye Sarr, sai Henryk Kasperczak, sai Lamine N'Diaye, sai Amara Traoré, sai Joseph Koto, sai Alain Giresse. Kowa ya zo da nasa tsarin da nasa mutanen, ya tarar da ciwon da bai san asalinsa ba, kafin ya gane kansa an sallame shi. Kofin Duniya uku a jere, 2006 da 2010 da 2014, babu Senegal. A gasar Afirka ta 2012, da zaratan 'yan gaba irin su Demba Ba da Papiss Cissé da Moussa Sow, ta sha kashi a wasanninta uku duka. A Oktoban shekarar 'yan kallo suka yi bore a Dakar ana wasa da Ivory Coast, aka tsayar da wasan, aka kori ƙasar daga gasar 2013. An sha kashi iri-iri, babu wanda ya daɗe har ya karanta abin da kashin ke faɗa.

Cissé ya rataye takalmi a 2009. A 2012 yana cikin masu horar da tawagar matasan da ta je wasannin Olamfik a Landan, inda Mexico ta fitar da su da 4-2 a ƙarin lokaci. A lura da sunayen yaran: Sadio Mané, Cheikhou Kouyaté, Idrissa Gana Gueye, Saliou Ciss. Dukansu huɗu suna cikin mutum 11 da suka fara wasan ƙarshe na Kofin Afirka shekara 10 bayan nan. A Maris 2015 hukumar ƙwallon ƙasar, ƙarƙashin Augustin Senghor, ta ba shi babbar tawaga. Ya jawo abokan tafiyarsa na 2002 kusa, Tony Sylva yana horar da masu tsaron raga, Lamine Diatta yana kula da al'amuran sansani. A shekarar ne kuma ya shawo kan Kalidou Koulibaly, haifaffen Faransa wanda ya taɓa buga wa matasanta, ya zaɓi ƙasar iyayensa.

Kashi na farko ya zo a zagayen 'yan takwas na Kofin Afirka, a Franceville ta ƙasar Gabon, ranar 28 ga Janairu 2017. Kamaru ce dai, fenariti ne dai. Senegal ta fi kai hari, amma Fabrice Ondoa ya hana ruwa gudu. Mutum huɗu sun ci a kowane ɓangare, sai mai bugu na biyar, Sadio Mané, wanda a lokacin shi ne ɗan wasan Afirka mafi tsada bayan komawarsa Liverpool. Ondoa ya tare, Vincent Aboubakar ya ci nasa. Sai da aka rirriƙe Mané yana kuka aka fita da shi. A duk filin mutum ɗaya ne ya san ainihin abin da yaron ke ji, shi ne kocinsa.

Kashi na biyu shi ne wanda ya fi dacewa masu horarwa su nuna wa yaransu, domin babu wani abin al'ajabi a cikinsa, ƙananan abubuwa ne zalla. A Kofin Duniya na 2018 a Rasha Senegal ta doke Poland 2-1. Da Japan ta shiga gaba har sau biyu, ana farkewa. Ƙwallon da aka farke ta biyu ta samo asali ne daga fitowar mai tsaron raga Khadim N'Diaye, wanda ya fito zai naushe ƙwallon da aka bugo daga gefe bai same ta ba, Keisuke Honda ya tura ta raga. Ƙa'idar wannan a bayyane take: in gola ya baro layinsa dole ya taɓa ƙwallo, in ba shi da tabbas ya tsaya ya bar 'yan baya su yi aikinsu. A ƙarshen wannan wasan kuma, lokaci ya riga ya cika, Youssouf Sabaly da Cheikh N'Doye suka karɓi katin gargaɗi ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya damu da su a daren.

Ranar 28 ga Yuni a Samara, canjaras kawai Senegal ke nema da Kolombiya. A minti na 74 aka samu bugun kusurwa. Yerry Mina, mai tsawon mita 1.95, wanda ya riga ya ci Poland da ka kwana huɗu kafin nan, ya taso ya sa mata kai. Gana Gueye yana tsaye a jikin turke, hannu a ƙugu, ƙwallon ta wuce ta gefensa. Aikin mai tsaron turke shi ne ya tsaya a kan yatsun ƙafa, jikinsa a karkace yana ganin mai bugu da masu tasowa, ya rufe tazarar da ke tsakanin turke da gola da zarar an sa kai. Gueye ɗan wasa ne mai ƙwazo da kowa ya shaida, daƙiƙa biyu ce kawai hankalinsa ya ɗauke.

Da aka zo lissafi, Senegal da Japan kowa na da maki 4, kowa ya ci 4 an ci shi 4, kuma sun yi kunnen doki a tsakaninsu. Sai aka koma ma'aunin ladabi, wanda aka fara aiki da shi a wannan gasar: katin gargaɗi ana cire maki 1, gargaɗi biyu da suka zama ja ana cire 3, jan kati kai tsaye ana cire 4. Japan tana da kati 4, Senegal tana da 6. Da labari ya kai wa 'yan Japan a Volgograd, sai suka shafe kusan minti 10 na ƙarshe suna 'yar ba-ni-in-ba-ka a bayansu duk da ana cin su. Senegal ta zama ƙasa ta farko a tarihin Kofin Duniya da katin gargaɗi ya kora gida. Kati biyun nan na ƙarshen wasan Japan su ne tazarar. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Kashi na uku ya fi zafi, domin an ga kofin da ido. A Kofin Afirka na Masar, 2019, Senegal ce ta ɗaya a jadawalin ƙasashen Afirka. Tun a rukuni matsala ta fara: sabon golansu Édouard Mendy ya karye a yatsa yana ɗumama jiki kafin wasan Kenya, Alfred Gomis ya karɓa. Mané ya ɓarar da fenariti a wasan Kenya, ya sake ɓararwa a wasan Uganda, har ya janye daga bugawa. A wasan dab da na ƙarshe da Tunisiya Henri Saivet ya karɓi aikin, shi ma aka tare. Aka sha da ƙyar a ƙarin lokaci da ƙwallon da Dylan Bronn ya ci gida. Amma a wannan wasan ƙwallo ta taɓa hannun Koulibaly a cikin da'ira, aka ba shi katin da ya cika masa biyu, ya rasa wasan ƙarshe.

Rashin mutum ɗaya ya taɓa gurbi biyu. Dole Kouyaté, wanda aka riga aka janye daga tsakiya tun farkon gasar, ya ci gaba da tsayawa a baya, yanzu tare da Salif Sané, tsakiyar ta rasa ƙarfinta. Ranar 19 ga Yuli a Alƙahira, minti 2 da farawa, Baghdad Bounedjah na Aljeriya ya shigo daga hagu ya ɗaɗa ƙwallo daga wajen da'ira. Ta bugi ƙafar Sané, ta yi sama, ta faɗa bayan Gomis. Daga nan Aljeriya ta ja baya ta kulle ƙofa, tana yanke wasa da keta duk lokacin da Senegal ta fara haɗa ƙafa. Aka ba Senegal fenariti bayan hutun rabin lokaci, alƙalin wasa ya je ya duba na'urar VAR ya soke. Ƙwallo ta wuni a ƙafar Senegal, amma ba ta da hanyar fasa katangar sai jefa dogayen ƙwallaye da jiran Mané ya yi abin mamaki. Aljeriya ta ɗauki kofi da wannan ƙwallo ɗaya.

Yanzu Cissé ya rasa wasan ƙarshe yana kyaftin, ya rasa yana koci. 'Yan jarida da tsofaffin 'yan wasa suka taso shi gaba: yana da tsoro, ya cika tsare gida, an ba shi zaratan Afirka ya kasa. Laƙabin El Tactico da ake kiransa da shi, da yawa da ba'a suke faɗarsa. A ganinmu wani ɓangare na sukar gaskiya ne, domin tawagar tana wahalar cin ƙwallo in abokin karawa ya ƙi fitowa. Amma hukumar ta bar shi a kan aiki, kuma wannan ce shawara mafi nauyi a duk labarin. Mutumin da ya ga Franceville da Samara da Alƙahira da idonsa shi ne ke riƙe da jerin abin da ya lalace, ɗaya bayan ɗaya. Da an kawo baƙo, da sai ya fara da tambayar sunayen 'yan wasa.

Ana iya ganin gyaran a takardar sunaye. Cikin mutum 11 da suka fara wasan ƙarshe na 2019, huɗu ne kawai suka fara na 2022: Kouyaté, Gueye, Ismaïla Sarr da Mané. Ba rusa gida aka yi ba, ginshiƙan suna nan, inda ke yoyo aka toshe. A cikin 2021 kaɗai aka kawo Abdou Diallo, ɗan baya mai ƙafar hagu, wanda ke ba Koulibaly damar tsayawa a dama. Aka kawo Nampalys Mendy na Leicester ya zauna a gaban 'yan baya yana share fage, abin da ya saki Gueye ya riƙa hawa gaba. Aka kawo Bouna Sarr na Bayern Munich a gefen dama, da Pape Gueye, da Bamba Dieng. Manufar ita ce kada rashin mutum ɗaya ya sake tilasta a cire wani daga gurbinsa.

Batun raga ma ya zauna. A gasa uku an yi amfani da gola uku: Abdoulaye Diallo a 2017, N'Diaye a 2018, Gomis a mafi yawan 2019. Édouard Mendy, wanda a 2014 ba shi da ƙungiya har ya yi rajistar marasa aikin yi a Faransa, ya bi ta Reims da Rennes ya kai Chelsea, ya ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2021. A ƙarƙashin duk wannan kuma akwai makarantun horar da yara na cikin gida. Génération Foot, mai alaƙa da ƙungiyar Metz ta Faransa, ita ta fitar da Mané da Ismaïla Sarr da Pape Matar Sarr. Diambars da ke Saly ta fitar da Gana Gueye da Saliou Ciss da Bamba Dieng. Koci ba ya gyara benci da addu'a kaɗai, sai akwai rijiyar da zai ɗebo.

An gwada ƙarfin wannan bencin tun kafin a busa usur a Kamaru a Janairun 2022. Cutar korona ta shiga sansani, Koulibaly da Mendy suka rasa wasa biyu na farko. Ismaïla Sarr yana jinyar gwiwa tun Nuwamba, Cissé ya sa sunansa duk da haka yana lissafin zagayen gaba. A Bafoussam aka doke Zimbabwe da fenaritin Mané a minti na 97, aka yi canjaras babu ci da Gini da Malawi. Ƙwallo ɗaya a wasa uku, amma ba a ci su ko ɗaya ba, suka jagoranci rukuni. Suka ta sake tashi a gida. Aka wuce Cape Verde da 2-0. A wasan Equatorial Guinea ana 1-1 Cissé ya sako Kouyaté da Sarr daga benci, kowannensu ya ci, aka tashi 3-1. Da Burkina Faso ma 3-1, kuma ƙwallon da ta buɗe wasan daga bugun kusurwa ta fito: Koulibaly ya yi yunƙuri, ta faɗo gaban Diallo ya juya ya buga. Abin da ya kore su daga Rasha ya zama makami a hannunsu.

Ranar 6 ga Fabrairu 2022, filin Olembe a Yaoundé, da Masar mai kofi 7. Masar ta zo da gajiya, domin wasanninta uku na baya duk sai da aka yi ƙarin lokaci, amma biyu daga ciki da fenariti ta ci su, a kan Ivory Coast da Kamaru mai masaukin baƙi. Golanta Mohamed Abou Gabal, wanda ake kira Gabaski, yana zuwa da gorar ruwa manne da bayanin inda kowane ɗan wasa ya saba bugawa. Kowa ya san abin da Masar ke so: a kai ga fenariti.

Minti 4 da farawa Mohamed Abdelmonem ya kwashe Saliou Ciss a cikin da'ira. Mané ya ɗauki ƙwallo. Mohamed Salah, abokin aikinsa a Liverpool, ya je ya yi wa Gabaski raɗa. Mané ya buga da ƙarfi kusa da tsakiya, Gabaski ya tare. A nan ne tsohuwar Senegal za ta watse. Mané da kansa ya faɗa daga baya cewa 'yan'uwansa sun zo sun gaya masa tare za su faɗi, tare za su yi nasara. Abin da ido ya gani shi ne tawagar ba ta rikice ba: ba a ruga gaba gaba ɗaya an bar wa Salah fili ba, ba a fara jefa ƙwallo barkatai ba. Sarr ya yi ta keta gefen dama, Mendy ya tare wata mai haɗari daga Salah kafin hutu, ya tare wata daga Marwan Hamdy a ƙarin lokaci. Minti 120 babu ci, kamar Bamako, kamar Franceville.

Bugun fenariti ba caca ba ce kamar yadda ake faɗa, ko da yake akwai rabo a ciki. Raga faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44, ɗigon yana nesa da mita 11. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi tana isa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, saboda haka gola ba ya jira ya gani, zaɓa yake yi. A manyan wasanni kusan uku cikin huɗu suna shiga. Wadda aka fi tarewa ita ce mai tsayin ƙugu, ba ta kai kusurwa ba. Abin da koci ke iya shiryawa shi ne mai bugu ya yanke shawarar gefe tun yana layi kada ya canza, ya ajiye ƙwallo da hannunsa, ya ja numfashi bayan usur maimakon ya ruga. Sai kuma jeri, wanda nan ne ake yawan kuskure: in ka ajiye gwaninka a na biyar, wataƙila a gama kafin a zo kansa.

Kyaftin Koulibaly ya fara, ya ci. Zizo ya farke. Diallo ya ci. Abdelmonem ya bugi turke. Bouna Sarr ya buga, Gabaski ya tare, Hamdy ya ci, aka koma 2-2. Bamba Dieng, yaro mai shekara 21, ya ci. Mohanad Lasheen ya buga, Mendy ya faɗi dama ya tare. Saura mai bugu na biyar. Duka ƙasashen biyu sun ajiye gwaninsu a wannan gurbin, amma Senegal ce ke fara bugu, saboda haka in Mané ya ci, Salah ba zai taɓa ƙwallo ba. Mutumin da ya ɓarar a 2017, ya ɓarar sau biyu a 2019, ya ɓarar sa'a biyu da suka wuce a gaban wannan golan, shi Cissé ya bari a na biyar, gurbin da shi kansa ya faɗi. Mané ya ja da baya sosai, ya taho a guje, ya buga ta ƙasa da ƙarfi can jikin turken hagunsa. Gabaski ya bi gefen daidai, hannunsa bai kai ba. An tashi 4-2.

A wasa 7 ƙwallo 2 kawai aka ci Senegal. Mané ya zama gwarzon gasar, Mendy gwarzon masu tsaron raga, Cissé gwarzon koci. Mané ya sadaukar da kofin ga kocinsa, yana cewa ya cancanta saboda irin sukar da ya sha. Shugaba Macky Sall ya ba da hutu washegari, ya ba kowane ɗan tawaga sefa miliyan 50 da filaye. Metsu bai ga ranar ba, ya rasu a 2013 an binne shi a Dakar. Papa Bouba Diop ma ya rasu a Nuwamban 2020. Allah ya jiƙansu.

Mako bakwai bayan haka, ranar 29 ga Maris, ƙasashen biyu suka sake haɗuwa a fenariti a sabon filin Diamniadio, wannan karon don tikitin Kofin Duniya na Qatar. Koulibaly da Ciss suka ɓarar da biyun farko, tawagar ba ta karaya ba. Salah ya fara wa Masar, ya buga sama. Dole a faɗi gaskiya, 'yan kallo sun yi ta haska masa fitilar leza a fuska, abin kunya ne da bai dace da wannan tawagar ba, kuma FIFA ta ci tarar Senegal a kai. Mané ne ya sake rufe wasan. A 2023 tawagar 'yan wasan cikin gida ta ɗauki kofin CHAN a Aljeriya, a kan Aljeriya, da fenariti, sannan 'yan ƙasa da shekara 20 da 'yan ƙasa da 17 suka ɗauki nasu kofunan Afirka.

Ƙwallo ba ta bar shi ya tafi da dariya ba. A Qatar babu Mané saboda rauni, Ingila ta fitar da su 3-0 a zagaye na biyu. Ranar 29 ga Janairu 2024 a Yamoussoukro, a Kofin Afirka, Ivory Coast ta farke musu ana dab da tashi, aka je fenariti, Moussa Niakhaté ya bugi turke, aka fita 5-4. Wani zai ce ai ita Ivory Coast korar kocinta ta yi a tsakiyar gasar bayan an ci ta 4-0, kuma ta ɗauki kofin. Haka ne. Amma wanda aka miƙa wa aikin, Emerse Faé, mataimaki ne da ke cikin sansanin, ya ga 4-0 ɗin daga benci, kuma yana cikin tawagar da ta rasa wasan ƙarshe na 2006 da fenariti a Alƙahira.

A Oktoban 2024, bayan shekara 9 da rabi, ba a sabunta wa Cissé kwantiragi ba. Wanda ya gaje shi shi ne Pape Thiaw, kocin da ya ɗauko kofin CHAN, abokin wasansa a 2002, wanda ya ba Henri Camara ƙwallon da ta fitar da Sweden da dunduniya.